Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate: Kafin A Rubuta "Ba Ta Shan Magani"



Ranka ya daɗe, Allah ya taya ka riƙon wannan nauyi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na shafe shekara goma sha biyar a ɗakin da ake ba masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki magani, a wani babban asibitin gwamnati a Arewa maso Yamma. Ba zan ambaci asibitin ba, domin abin da zan faɗa ya wuce na asibiti guda, kuma mutanen da zan ba da labarinsu amanar sirrinsu suka ba ni. Na rubuto da Hausa saboda kai ɗan Misau ne, ba ka buƙatar tafinta, kuma ina so waɗanda maganar ta shafa su karanta ko a karanta musu.

Maganata a kan takarda ɗaya ce, takardar sakamakon gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, wanda a ɗakinmu muke kira bayiral lod. Kai likita ne, ba ni zan koya maka karatu ba, amma bari in yi bayani saboda sauran jama'a. Wanda ya fara shan magani, idan ya yi wata 6 sai a ɗebi jininsa a ƙirga ƙwayoyin cutar da ke cikin mililita ɗaya, a sake a wata na 12, daga nan kuma shekara-shekara. Idan ba su kai 1,000 ba sai mu ce cutar ta kwanta. Idan na'ura ta duba ba ta ga komai ba, to an kai inda ake so. Wanda tasa ta kwanta jikinsa na dawowa, ya koma gonarsa ko rumfarsa, ya aurar da 'ya'yansa. Tun 2011 binciken da ake kira HPTN 052 ya nuna cewa fara magani da wuri ya rage yaɗa cutar tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin ɗari, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce wanda ba a ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Wannan takarda ke nan, ita ke faɗa mana ko duk kuɗin da aka kashe da wahalar da aka sha sun biya.

Maganin da muke bayarwa yau ba ni da ƙorafi a kansa. Magabatana a aikin sun ba ni labarin 2002, lokacin da gwamnati ta fara rabo ana biyan naira 1,000 a wata, kafin a mayar da shi kyauta a 2006. Ni kuma na tarar da zamanin stavudine, mai zuƙe kumatu har a gane mutum daga nesa, na kuma yi zamanin efavirenz, mai sa jiri da munanan mafarkai har wasu su ce aljanu ne suka shige su a kai su wurin ruƙiyya. Daga wajen 2019 aka juya zuwa TLD, ƙwaya ɗaya a rana mai haɗe da magani uku, cikinsu har da dolutegravir, wanda da wuya cutar ta bijire masa. Saboda haka idan sakamako ya dawo sama da 1,000, mafi yawanci maganin ne bai shiga jiki yadda ya kamata ba. Sai mu ɗauki biro mu rubuta a fayil cewa ba ta shan magani. Na rubuta wannan jimla sau ɗaruruwa da hannuna. Ba ƙarya ba ce, amma da zarar an rubuta ta sai kowa ya huta, laifi ya koma kan mara lafiya, ba wanda zai sake tambayar me ya hana ta.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa, ta biyu cikin matan mutum uku. A wurin awon ciki aka gano tana ɗauke da cutar. Ta yi wa maigidan maganar gwaji a fakaice, ya ce shi lafiyarsa lau, ta ja bakinta ta yi shiru, don ta san wadda ta fara kawo labari ita za a ce ta kawo cutar. Robar maganin tana ƙara idan an taɓa ta, sai ta juye ƙwayoyin a leda ta ƙulle, ta tura cikin kwanon ƙarshe na jerenta. Sakamakonta ya dawo da yawa. Muka zaunar da ita muka yi mata wa'azin da muka saba, ta ce to. Wata ya zagayo muka sake, ta ce to. A zama na uku ne na ajiye biro na tambaye ta da ƙarfe nawa take sha. Ta ce tara na dare, kamar yadda muka ce mata. Na ce kullum? Ta sunkuyar da kai ta ce ban da ranar girkinta. Kwana biyu cikin kowane shida maigida na ɗakinta, ba ta da halin buɗe kwanon nan a gabansa.

Jikina ya yi sanyi, ranka ya daɗe, don mu muka ɗaure ta da wannan lokacin. Shan magani da dare al'ada ce da muka gada daga zamanin efavirenz, don mutum ya yi barci kafin jiri ya kama shi, kuma TLD ba ruwansa da wannan. Muka mayar mata da shi safe, lokacin da maigida ya fita masallaci ita kuma tana shirin hura wuta. Bayan wata uku aka sake gwaji, cutar ta kwanta. Minti goma na zama da tambaya ɗaya suka gyara abin da wa'azi biyu suka kasa, kuma a ranar da mutum ɗari ke kan benci ma'aikaciya biyu na ciki, minti goman nan shi ne abin da ba mu da shi.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na manya ke ɗauke da cutar, jimillar masu ita a ƙasar nan kimanin mutum miliyan 1.9, kuma Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 0.6. An yi murna da wannan adadi, ya kuma cancanci murna. Sai dai inda cuta ta yi ƙaranci, mai ita kan ɗauka shi kaɗai ne a duniya. A Binuwai ko Akwa Ibom da wuya ka sami wanda bai san mai shan magani yana harkarsa ba. A nan kuwa har yanzu sunan da ke bakin mutane shi ne ƙanjamau, sunan da ke zana maka ƙwarangwal tun kafin ka ga mutumin. Shi ya sa mutum zai tsallake asibitin da ke bayan gidansa ya hau mota zuwa Kano ko Zariya, kada ya yi kiciɓis da ɗan unguwarsu a kan layi. Matar da ke cikin kulle kuma sai ta nemi dalilin fita. Takan fake da rigakafin yaro, to yaro ya girma rigakafi ya ƙare, sai me? Ba da maganin wata uku ko shida a lokaci guda ya taimaka ƙwarai, ina roƙon kada a janye shi, ko da yake babbar roba ta fi wuyar ɓoyewa. Kuma muddin ɗakinmu na ware a gefe, duk wanda aka gani ya nufi ƙofar an san abin da ya kawo shi.

Maza kuwa nasu daban ne. Ba sa zuwa sai an ɗauko su ranga-ranga. Wani sakamakon matarsa yake ɗauka a matsayin nasa, wani kuma ba zai yarda a gan shi a asibiti ba amma zai riƙa tsakurar na matar, sai maganin wata ya ƙare a kwana goma sha biyar, su biyun babu wanda ya sha daidai. Ga direbobi da 'yan ci-rani, magani ya ƙare wa mutum yana Mile 12 a Legas ko Fatakwal, katinsa na gida, sai ya ce bari ya haƙura har damina.

Muna cewa magani kyauta ne. Hanyar zuwa wurinsa ba kyauta ba ce. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota ya bi ta. Na ga wadda ta zo bayan wata biyu da ranarta, ta ce sai da ta sayar da kaza. Na ga masu shan magani yau su tsallake gobe don ya kai su girbi, wanda kuma shi ne hanya mafi sauƙi ta koya wa cuta bijirewa. Akwai masu cewa maganin na buɗe ciki, kuma ba za su sha a kan yunwa ba. Muna gaya musu TLD ba sai da abinci ba, su dube mu kawai, don wanda ya karya da shayi da burodi ne ke magana. Waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato cikin dare kuwa, da ransu suka gudu, ba wanda ya tsaya neman leda a cikin kwano.

Wani lokacin mara lafiya ya sha maganinsa tsaf, mu ne muka ɓata. Dolutegravir ba ya shiri da ƙwayar ƙarin jini da ta ƙarin ƙarfin ƙashi da farin ruwan nan na gyambon ciki da ake saya a kowane kemis. Idan aka haɗa su a ciki babu abinci sai su riƙe shi ya ƙi shiga jini. To mai ciki za ta karɓi ƙarin jini a ɗakin awo, ta karɓi TLD a wurinmu, ta haɗa ta watsa baki ɗaya da safe, ba wanda ya ce mata ta raba lokaci ko ta sha da abinci. Haka mai tarin fuka: maganinsa na rifampicin na sa hanta ta cinye dolutegravir da sauri, dole a ƙara masa wata ƙwaya mai miligiram 50 bayan awa 12. Ɗakin tarin fuka na wancan gini, namu na wannan, kowa da rajistarsa da mai ba shi tallafi, wani lokacin kuma ƙarin ƙwayar ce babu a sito. Ko maganar azumi, da za a ce liman ya faɗa sau ɗaya a tafsiri cewa mai shan ƙwaya ɗaya a rana ya mayar da ita buɗa-baki ko sahur, da an rage mana masu ajiye magani wata guda cur.

Sai masu cewa suna warkarwa. Ka san zamanin Dakta Jeremiah Abalaka a Abuja, ka san yadda Shugaba Yahya Jammeh ya tashi a 2007 ya ce yana warkar da cutar a Gambiya, aka raba mutane da maganinsu. Ƙananansu na nan a kowace kasuwa da lasifika a kan mota, yanzu ma sun koma TikTok. Abin takaicin shi ne da nasararmu suke cin kasuwa. Mutum ya sha maganinmu shekara biyu, ya haɗa da jiƙon wani, muka ce masa ba a ga ƙwayar a jininsa ba, sai ya ji cewa ya warke, ya gode wa mai jiƙo, ya jefar da roba. Bayan wata takwas a kawo shi a kwance. Ni yanzu ba na cewa ba a gani ba sai na ƙara da cewa barci take yi, maganin ne ke riƙe da ita, ranar da ka daina za ta farka. Ya kamata ma'aikatarka ta zauna da masana Hausa da masu ɗauke da cutar a tsayar da kalmomin da za a riƙa faɗa, a daina barin kowace ma'aikaciya da fassararta. Dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024 ta ƙara wa wannan muhimmanci, don kowane waliyyi yanzu zai ga takarda, kuma yana buƙatar wanda zai gaya masa cewa mai shan magani da cutarsa ta kwanta yana aure ya haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Yara da matasa su ne suka fi ba mu wahala, kuma ko'ina a bayan manya suke. Da can ruwan lopinavir muke ba su, ɗaci kamar maɗaci, ga shi yana son firij a garin da ba wuta. Tun 2021 aka kawo dolutegravir na yara mai narkewa a ruwa, mai ɗan zaƙi, Alhamdulillahi. Amma da nauyin yaro ake auna shi, yaro kuma girma yake yi, idan sikeli ya lalace ko ba a ɗora shi ba sai ya shekara yana shan na ƙaramin da ya wuce. Da yawa marayu ne a hannun kaka, ta ce masa maganin sikila ne. Ya kai shekara goma sha huɗu ya karanta jikin roba a waya, ya gane kowa ya yi masa ƙarya, ya yi fushi da maganin. Wani yaro da na sani a makarantar kwana, abokan ɗakinsa suka lura yana haɗiyar wani abu kullum a ɓoye, suka kai ƙara cewa ɗan ƙwaya ne. Aka kira shi gaban malamin horo. Ya gwammace a yi masa bulala a kan shaye-shayen da bai yi ba da ya faɗi gaskiya, daga ranar kuma bai sake sha ba sai da aka yi hutu. Ƙungiyoyin matasa irin na Operation Triple Zero, inda yaro ke zama da sa'o'insa masu irin lalurarsa, sun fi duk wata nasiha tamu aiki, amma kuɗin lemo da na motar da ke tara su daga waje yake zuwa.

Ita kanta takardar sakamakon bayiral lod fa? Jinin da muka ɗiba sai an juya shi a na'ura an raba ruwansa cikin 'yan awoyi, a sa a sanyi, ɗan acaɓa ya ɗauka zuwa babban ɗakin gwaji a wani gari. Wuta ta ɗauke, ko janareta ba mai, ko sinadarin gwaji ya yanke, ko babur ya lalace, shi ke nan. Na sha karɓar sakamako bayan wata huɗu. Wata huɗun nan mai ciki ta haihu, ta shayar, ba mu san cutarta a tashe take ba. Ƙa'ida ta ce wanda ya haura 1,000 a zauna da shi sau uku, a sake gwaji bayan wata uku, in bai sauka ba a duba canza masa magani. Ta yaya za a bi ƙa'idar wata uku da sakamakon da ke cin wata huɗu a hanya? Alhali injinan GeneXpert da ke ɗakunan tarin fuka na iya wannan gwajin a yini ɗaya idan an kawo musu kayan aikinsa, ko da na masu ciki da yara kaɗai ne.

Ina kuma roƙon ka dubi alƙaluman da ake kawo maka da idon likita. Idan aka ce kashi casa'in da wani abu cutarsu ta kwanta, don a nuna mun kusa cika burin da duniya ta sa wa yaƙi da cutar na 95-95-95, ka tambaya cikin su wa aka ƙirga. Cikin waɗanda aka ɗebi jininsu kuma sakamako ya dawo ne. Wadda ta rasa kuɗin mota, da wanda ya tafi ci-rani, da yaron makarantar kwana, ba su zo an ɗebi jininsu ba, don haka ba su ɓata lissafin kowa ba. A riƙa fitar da adadin jiha-jiha, a ware yara da matasa da maza, a kuma rubuta yawan waɗanda suka ɓace a gefensa.

Watan Janairun 2025 ya nuna mana inda muke tsaye. Shugaba Trump na Amurka ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, shirin Amurka na PEPFAR da ke ɗauke da mu shekara ashirin ya girgiza. Na yaba da abin da kuka yi: Majalisar Zartarwa ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani kunshi 150,000, Majalisar Dokoki ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. Allah ya saka. Amma waɗanda aka fara ce wa su zauna a gida a makon da aka dakatar da tallafin su ne masu bibiya da ke kiran waya idan mutum bai zo ba, da iyaye mata masu ɗauke da cutar da ke riƙe hannun sabbin masu ciki, da masu shigar da bayanai a kwamfuta, da masu baburan jini. Ba ɗayansu da ke cikin takardar albashin gwamnati. Magani na sito, wanda zai san wa bai zo karɓa ba ya tafi gida. Waɗannan ƙananan ma'aikata su ne ke tsakanin roba da baki, kuma alawus ɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin maganin da ke lalacewa in babu su. A shigar da su cikin kasafin jihohi da na Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, a sa masu wannan lalura cikin marasa galihun da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta yi wa tanadi, don kuɗin kati da na sauran gwaje-gwaje su sauka daga kansu. Dokar hana tsangwama ta 2014 kuma tana nan a takarda, ni dai ban taɓa ganin wanda ya ji tsoronta ba.

Kai ne ka jagoranci hukumar lafiya a matakin farko daga 2008, lokacin da aka jawo sarakuna ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi cikin yaƙi da shan inna, har aka kai ga shelar kawar da ita a 2020. Ka san ƙofar fada, ka san yadda ake magana a can. Sai dai wannan cuta ba a bin ta gida-gida da alli ana yi wa bango alama, wanda ya yi haka ya kashe gidan. Abin da ake nema wurin sarakuna da limamai kalma ce daga bakinsu: cewa mai wannan lalura mara lafiya ne kamar mai hawan jini, cewa namiji ya raka matarsa a gwada su tare, cewa sakin mace don ta faɗi gaskiyar sakamakonta zalunci ne.

Roƙona na ƙarshe ba ya cin kuɗi. Ranar da hanya ta biyo da kai ta wani babban asibiti, ka shiga ɗakin irin namu ba tare da an sanar ba, kafin a share a jera kujeru. Ka ce a ɗauko maka fayil goma na waɗanda sakamakonsu ya haura 1,000. A kowanne ka dubi ranar da aka ɗebi jini da ranar da takarda ta dawo, sannan ka duba ko akwai wanda ya rubuta dalili a ƙarƙashin jimlar nan tamu. In ka sami sarari, ka sa a kira maka ɗaya daga cikinsu, a rufe ƙofa, ka tambaye ta da ƙarfe nawa take sha.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya daga Arewa maso Yamma